Lissafin Cikin Goɗiya da Shirin Daren Haihuwarta

Ko wane yaro da ya tashi a gidan da a ke ɗaure doki, in ka tambaye shi wata nawa goɗiya ta ke yi da ciki, kafin ka rufe baki zai ce maka goma sha ɗaya. Amsarsa ba ƙarya ba ce, amma fa ba ta isa a dogara da ita ba, gama bai faɗi irin watan da ya ke nufi ba, na sama ne ko na kalandar Turawa. Watan sama kwana 29 ne ko 30, saboda haka goma sha ɗayansa kwana 325 ke nan. Wata goma sha ɗaya na Turawa kuwa ya kan kama kwana 334 ko 335. Abin da likitocin dabbobi suka samu, bayan sun ƙididdige haihuwar goɗiyoyi masu yawa, shi ne tsakatsakin kwanakin cikin goɗiya 340 ne. Ashe dukkan lissafin nan biyu sun gaza, na watan sama kuwa ya gaza da mako biyu cur.

Ku dubi abin da wannan ƙaramin kuskure ya kan jawo. Mutum ya ƙirga tsayuwar wata goma sha ɗaya, ya shiga kwana a bakin barga. Ya yi dare bakwai, ya yi goma, bai ga kome ba, barci ya ci ƙarfinsa, ya ce watakila ba a wannan bayen ta ɗauka ba, ya mai da ita turke ya koma ɗakinsa. Bayan 'yan kwanaki sai ta haihu da tsakad dare tana ɗaure, ba mai gani, gari ya waye a tarad da duƙushi ya mutu da riga a hanci. A ƙasarmu sarakuna da hakimai ingarma su ke hawa, goɗiya kuwa galibi a ƙauye ta ke, a hannun talaka, wanda ya shekara yana ba ta dusa da harawa domin ɗa guda ɗaya tak. In wannan ɗa ya salwanta, wahalar shekara ce ta tafi. Mu kuma, 'yan'uwana, da yawanmu ƙauyuka za a tura mu koyarwa, kun kuwa san malamin makaranta shi a kan kawo wa wasiƙa ya karanta, shi a kan kawo wa lissafi ya warware. Don haka na ga ya kamata mu san wannan lissafi sosai.

Ga hanya mai sauƙi wadda ba ta bukatar ƙirga kwanaki ɗai ɗai. Shekarar Turawa kwana 365 ce, in an ɗebe 340 saura 25. To, sai ka ɗauki ranar da aka baye goɗiya, ka tsallaka zuwa wannan rana a shekara mai zuwa, sa'an nan ka komo baya da kwana 25. Misali an baye ta ran 10 ga Yuni. Ka koma baya da kwana 10, ka sauka a 31 ga Mayu. Ka ƙara komawa da 15, ka sauka a 16 ga Mayu. In watan Fabrairun da ke tsakani mai kwana 29 ne, sai ka koma da 26. Shekarar watan sama kuwa kwana 354 ce, wani lokaci 355, saboda haka abin da za a ɗebe kwana 14 ne. Goɗiyar da aka baye ranar Babbar Salla, watau 10 ga Zulhajji, ana sa ran haihuwarta wajen 26 ga Zulƙida, saura mako biyu Salla ta zagayo. Wannan ya fi sauƙin riƙewa ga mutanen ƙauye, kuma ni a ganina ya dace a ba yaran elementare shi a darasin lissafi, gama sun fi jin daɗin ƙirga kwanakin goɗiya bisa ga ƙirga lemun da ba su taɓa saya ba.

Amma kada wanda ya iya wannan ya ɗauka ya kama ranar a hannu. Goɗiya lafiyayya tana iya haihuwa tun daga kwana 320 har zuwa 360, ba a ce da ita ta yi sauri ko ta makara ba. A misalinmu na farko, tun daga 26 ga Afril har 5 ga Yuni duk lokacinta ne, kwana arba'in ke nan. Lissafi dai iyakarsa ya gaya maka lokacin da za ka fara sa ido, daren kansa kuwa jikin goɗiyar ne zai nuna maka shi. Ɗan da aka haifa kafin kwana 320 bakwaini ne, ya kan zo da laushin gashi da kunnuwa a kwance da raunin gaɓoɓi, wanda kuwa bai kai 300 ba da wuya ya rayu. Ta ɗaya gefen kuma akwai goɗiyoyin da su kan cika shekara guda su haifi ɗa lafiyayye, saboda haka makara ita kaɗai ba dalili ba ce na ɗura mata jiƙo ko wani magani don a tayar da naƙuda. Ɗan doki sai a kwanakin ƙarshe huhunsa da sauran kayan cikinsa su ke gama nuna, wanda ya fito da shi da ƙarfi kafin lokacinsa ya cuce shi.

Akwai abubuwan da su kan ɗan karkata lissafin. Namiji ya kan fi mace daɗewa a ciki da kwana biyu ko uku. In jaki ne ya baye ta, watau alfadari ta ke ɗauke da shi, ta kan ƙara 'yan kwanaki, gama jaka ita kusan shekara ta ke yi da ciki. Ko wace goɗiya kuma tana da al'adarta: wadda ta haihu a kwana 332 bara, mai yiwuwa ne bana ma ba za ta yi nisa da nan ba. Wannan ya sa rubutun bara ya fi ko wane lissafi amfani.

Daga wace rana za a fara ƙirga? Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Goɗiya ta kan nemi baye bayan ko wane kwana 21, ta yi kamar kwana biyar zuwa bakwai tana yarda da ingarma, amma ƙwan da ɗa ke samuwa daga gare shi ba ya sauka sai saura kwana ɗaya ko biyu neman ya ƙare. Saboda haka in an kai ta sau uku a mako guda, daga bayen ƙarshe za a ƙirga. A rubuta ranar nan take, da boko ko da ajami, a kuma rubuta ta da kalandar nan biyu in da hali. Bayan mako uku a sake nuna mata ingarma. In ta kwantar da kunne ta kai masa harbi, alama ce ta ɗauka. In ta tsaya masa, lissafin farko ya rushe, sai a soma sabo. Wannan alama ba tabbas ba ce, gama wata ta kan ƙi namiji alhali ba kome a cikinta. Tun shekarar 1980, sa'ad da aka fara gwada abin a ƙasar Faransa, likitoci suna da na'urar da ke nuna hoton cikin mahaifa, tana kuwa nuna cikin da bai wuce kwana 14 ba. Babban amfaninta gano tagwaye da wuri. Tagwaye ga akuya arziki ne, ga goɗiya kuwa masifa ne, gama mahaifarta ba ta iya ciyar da biyu, yawancinsu ɓari a kan yi a watannin ƙarshe.

Wanda ya iya lissafin gaba ya iya na baya, watau ya zaɓi lokacin da ya ke so a haifi ɗan, sa'an nan ya san lokacin kai uwar baye. A ƙasashen sanyi goɗiya ba ta cika neman namiji ba sai yini ya yi tsawo. A nan wajenmu, inda yini mafi tsawo bai fi mafi gajarta da sa'a ɗaya da rabi ba, goɗiya mai ƙoshi galibi tana nema a ko wane lokaci, saboda haka zaɓi yana hannun mai ita. Ku sake duban misalin 16 ga Mayu. A Katsina ko Kano wannan ƙarshen bazara ne: rumbu ya yi ƙasa, harawa ta ƙare ko ta yi tsada, sabuwar ciyawa ba ta fito ba, rijiya ta ja baya. Ga shi kuwa watanni ukun ƙarshe na ciki da na farkon shayarwa su ne lokacin da ta fi bukatar abinci. In an jinkirta baye zuwa 1 ga Agusta, haihuwa ta faɗo wajen 7 ga Yuli, ciyawa ta yi kore, sai dai ga laka da ƙudaje da kaska. Ni na fi son a kai ta a ƙarshen Nuwamba, ta haihu a farkon Nuwamba mai zuwa, ta yi watanninta masu nauyi a kan ciyawar damina, ta shayar a kan sabuwar harawa da dusar kaka, ƙasa kuma ta bushe. Na san akwai masu doki da za su ce sanyin hunturu ya kan takura duƙushi, suna kuwa da gaskiyarsu, amma zana biyu ko uku sun isa su tare iska, yunwa kuwa zana ba ta tare ta.

Kusan kashi biyu cikin uku na girman ɗan a watanni ukun ƙarshe ya ke samuwa, sa'ad da a ka haife shi kuwa nauyinsa ya kan kai ushirin na uwar. Yayin nan ya cika mata ciki, ba ta iya cin abu mai yawa a tashi ɗaya, saboda haka a raba mata hatsi da dusa kashi uku ko huɗu a yini, a ƙara kaɗan kaɗan, a zaɓa mata harawar wake ko ta gyaɗa mai ganye, wadda ba ta yi fumfuna ba. Gishiri da ruwa kada su yanke; mai shayarwa a lokacin zafi tana shan garwa uku a yini, har ta fi. Ba a son ta rame, ba a kuwa son ta yi ƙiba har a kasa jin haƙarƙarinta da hannu. A daina sukuwa da ita da ɗora mata kaya, amma a riƙa zagayawa da ita kullum, gama tsayuwa wuri ɗaya ita ke kawo kumburin ƙafafu da na ƙarƙashin ciki. Saura mako huɗu zuwa shida a kira malamin dabbobi ya yi mata allurar rigakafin ciwon sarƙe haƙora, wanda ƙwayarsa ke zaune a cikin ƙasa da kashin doki, ya kuma ba da shawara a kan maganin tsutsar ciki.

A wannan lokaci ne kuma ya kamata a mai da ita inda za ta haihu. Dalilin gaggawar shi ne jikinta ya saba da ƙwayoyin cutar wurin, ya haɗa makaman yaƙi da su, ya zuba su a cikin nonon fari. Wurin ya kasance kamar ƙafa 14 tsawo, 14 faɗi, a kwashe tsohon taki har a tarar da ƙasa mai tsabta, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri. Yashi da garin katako ba su da kyau, suna manne wa jiƙaƙƙen ɗa a hanci da cibiya. Abin da na fi so ku riƙe a nan shi ne wannan: a kwance ta. Mun saba ɗaure doki a turke da igiya a ƙafa, ko mu sa masa dabaibayi, amma mai naƙuda tana bukatar ta kwanta, ta tashi, ta juya, gama da wannan juyin ne ɗan ke daidaita kwanciyarsa, bayan haihuwa kuma tana bukatar ta waiwaya ta lashe shi. A tumɓuke turken ma gaba ɗaya, a kewaye wurin da zana ko danga wadda ɗan ba zai zurma ta ƙarƙashinta ba. A ajiye bokiti da sabulu, da tsumma wankakke, da almakashi, da kirtani, da ruwan aidin, da tocila, da agogo, a kuma san inda malamin dabbobi ya ke kwana da lambar wayarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Aci-balbal kuwa kada ta kusanci wurin, ga ciyawa busasshiya ga dabba mai birgima.

Daga kwana 300 sai a riƙa duba ta safe da yamma. Hantsa ce ke fara magana: saura kamar wata guda ta soma cika, da fari ta kumbura da dare ta saɓe da rana in an zagaya da ita. Ranar da ka ga ta yini a cike ba ta saɓe ba, an matso. Sa'an nan naman kuturi, dama da hagun gindin wutsiya, ya saki ya yi taushi, har ka ga wurin ya faɗa, wutsiyar ma in ka ɗaga ba ta da ƙarfin ƙwacewa kamar da. Saura 'yan kwanaki kawunan nonon su cika su miƙe, farji ya saki ya yi tsawo. Alamar da ta fi ko wace kusa ita ce wani abu kamar ɗigon kakin zuma da ke daskarewa a bakin kan nono, wanda galibi ba ya wuce kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa. In ka tatsi ɗigo biyu a tafin hannu, za ka ga ruwan da ya ke garau mai rawaya a makon jiya ya koma fari mai kauri mai danƙo. Akwai wata 'yar takarda ta awon tsami da a kan tsoma a ciki. Muddin lambarta tana sama da 6.4 da wuya ta haihu a wannan dare, in ta sauko nan kuwa sai a shimfiɗa tabarma a bakin barga. Sai dai mai cikin fari ta kan yi wa mutum ba-zata, ta haihu ba kaki ba cikar hantsa. Wadda kuma nono ya yi ta zuba mata kwana da kwanaki kafin haihuwa, a sanar da likita, gama abin da ɗan zai rayu da shi ne ke tsiyayewa a ƙasa.

Mafi yawan goɗiyoyi da dare su ke haihuwa, sa'ad da ƙafa ta ɗauke. Farkon naƙuda ya yi kama da ciwon ciki: ta yi ta kai da kawowa, tana waiwayen kwiɓinta, tana ɗaga wutsiya, tana fitsari kaɗan kaɗan, gumi ya keto mata a wuya da kafaɗa. Wannan ya kan ɗauki sa'a ɗaya zuwa huɗu, tana kuwa da ikon dakatar da shi in ta ga taro ko ta ji hayaniya. Mutum ɗaya wanda ta sani ya isa, ya zauna daga waje inda ya ke ganinta, ya yi shiru.

Da faya ta fashe, ruwa ya zubo, sai a dubi agogo. Wanda ya saba da shanu a nan ne ya kan yi kuskure, gama saniya tana iya yin sa'o'i tana yunƙuri a fid da maraƙi da rai. Goɗiya ba haka ta ke ba. Yunƙurinta mai tsanani ne, mabiyiyarta kuma tana saurin rabuwa da mahaifa, da ta rabu kuwa numfashin ɗan ya yanke. Daga fashewar faya zuwa fitowar ɗa minti 20 ne zuwa 30. Cikin minti biyar ko goma na farko za a ga wata farar jaka mai sheƙi ta leƙo, a cikinta ƙafar gaba ɗaya, ɗayar na biye da ita da ratar kamar inci huɗu, tafin kofato yana duban ƙasa, sa'an nan hanci kwance a kan ƙafafun. In haka ka gani, ka zauna inda ka ke, ba ta bukatarka.

In kuwa minti 15 ya wuce tana yunƙuri ba abin da ya leƙo, ko ƙafa ɗaya ce kaɗai, ko ƙafafu ba kai, ko tafin kofato yana duban sama, to kwanciyar ba daidai ba ce. A aika wa likita nan da nan, a tashe ta tsaye a riƙa zagayawa da ita, domin yunƙurin ya lafa, ɗan ya koma ciki kaɗan. Kada a ɗaura igiya a tara ƙarti su ja. Ko inda kwanciya ta ke daidai, kafaɗa ce kawai ta tsaya, mutum ɗaya ne zai kama ƙafafun da wankakken hannu, ya ja sa'ad da ta yunƙura, ya saki sa'ad da ta huta, yana karkatawa ƙasa wajen dugaduganta. Abu guda ne ba ya jiran likita: in maimakon farar jaka ka ga ja wur mai kauri kamar ƙaran-miski, mabiyiya ce ta riga ɗan fitowa, yana shaƙewa a ciki. A farke ta da almakashi ko da yatsu a wannan minti, a taimaka a fito da shi.

Da ya fito, a yaye masa rigar daga hanci, a share majina, a ga ƙirjinsa yana motsi, sa'an nan a ja da baya. Sau da yawa su kan kwanta tare, ƙafafunsa na baya suna cikinta, har wajen rubu'in sa'a. A bar su. Cibiya da kanta ta kan tsinke, kamar inci ɗaya ko biyu daga cikinsa, sa'ad da ɗayansu ya motsa. A tsoma guntun a ruwan aidin da aka sirka, a maimaita sau biyu ko uku a ranar farko. Toka da ƙasa da kashin shanu kada su taɓa ta, gama ta nan cuta ke shiga ta sauka a gwiwoyi.

Likitocin dawaki suna da wani ma'auni mai sauƙin haddacewa: sa'a ɗaya ɗa ya miƙe tsaye, sa'a biyu ya kama nono, sa'a uku mabiyiya ta faɗi. Na tsakiyar nan ya fi ƙarfin a yi wasa da shi. Jaririn mutum tun yana ciki ya ke samun kariyar cuta daga jinin uwarsa, amma mabiyiyar goɗiya ba ta barin wannan kariya ta ƙetare, sai ɗan ya fito duniya ba garkuwa ko kaɗan. Dukkan garkuwarsa tana cikin dakashi, nonon farin nan mai kauri wanda waɗansu ke ƙyama suna tatsarwa a ƙasa. Hanjinsa kuwa a sa'o'i shida zuwa goma sha biyu na farko ya fi iya tsotse ta, bayan kwana ɗaya ƙofar ta rufe, ko ya sha tulu ba ta shiga jininsa. Yana bukatar lita ɗaya zuwa biyu. In sa'a uku ta wuce bai kama ba, a tatsa a kwano mai tsabta a ba shi da kwalba yana tsaye ko yana zaune a kan ƙirjinsa, ba a kwance ba, kada kuma a ɗura wa wanda ba ya tsotso. Bayan ya sha a lura ya yi kashin fari, baƙi mai tauri. Wanda ya ke ta ɗaga wutsiya yana yunƙuri ba abin da ke fita, ya fi yawa ga maza, yana bukatar likita a ranar.

Mabiyiya kuwa, in tana reto, a naɗe ta a ɗaure da kirtani sama da dugadugan uwar don kada ta taka, nauyinta ma yana taimakon fitarta. Ba a janta ko kusa. In ta faɗi a shimfiɗa ta a ƙasa a duba: siffarta kamar wando ce mai ƙafa biyu, ɗaya ta fi ɗaya girma, a tabbata bakin ko wace ƙafa yana nan bai yage ba, musamman ƙaramar. Guntun da bai fi tafin hannu ba, in ya saura a ciki, ya isa ya ruɓe ya sa mata zazzaɓi, zafin ya sauka a kofato ta gurgunce, ko ta mutu. Saniya ta kan kwana da mabiyiya ta tashi lafiya, goɗiya kuwa in ta wuce sa'a uku a kira likita ko da tsakad dare ne.

Tsakanin kwana 7 da 12 bayan haihuwa za ta sake neman baye. In haihuwar ta zo da sauƙi, mabiyiya ta faɗi a kan kari, ba ta kuma zubar da ƙazanta, ana iya kai ta. Sai dai a sani 340 da 10 sun zama 350, watau haihuwar baɗi za ta riga ta bana da mako biyu. In an tsallake wannan aka jira na biyu, wajen kwana 30, jimla ta zama 370, haihuwar ta faɗo bayan ranar bana da kwana biyar.